Idan kotun Amurka ta kori ƙarar fursuna don bai bibiye ta ba, me ya faru ke nan?

A kotunan tarayyar Amurka akwai wani irin hukunci da bai cika wuce shafi biyu ko uku ba. Fursuna ya kai ƙara cewa gandirobobi sun lakaɗa masa duka, ko kuma likitan gidan yari ya hana shi magani. Bayan 'yan watanni kotu ta aika masa da wasiƙa, sai wasiƙar ta dawo da hatimin gidan waya cewa ba a sami mai ita ba. Aka jira, ba a ji ɗuriyarsa ba. Daga nan alƙali ya rubuta cewa an kori ƙarar saboda mai ita bai bibiye ta ba, ya umurci magatakarda ya rufe fayil.

Wanda ya ci karo da irin wannan labari yakan ɗauka ko dai kotu ta binciki zargin ta ga ba shi da tushe, ko kuma gwamnati ce ta kasa gurfanar da wani a gaban shari'a. Zato na biyun yana da dalili, domin kalmar Ingilishin da ake amfani da ita a nan, wato prosecute, ita ce dai ake faɗa idan lauyan gwamnati ya gurfanar da mai laifi. Amma duka biyun ba haka ba ne. Ba a kira shaida ko ɗaya ba, ba a wanke kowa ba, ba a kama kowa da laifi ba. Wanda ake cewa ya yi sake shi ne fursunan da kansa, a matsayinsa na mai ƙara. Kotu ta yi magana, bai amsa ba, sai ta ɗauki shirun a matsayin ya haƙura.

Wace irin ƙara ce wannan?

Wannan ba ita ce shari'ar laifin da ya kai mutumin kurkuku ba, ba kuma ƙoƙarin neman a sake shi ba ne. Ƙara ce ta neman diyya, ko ta neman kotu ta tilasta wa hukumar gidan yari ta daina wani abu. Akasarinsu ana shigar da su ne a ƙarƙashin abin da lauyoyi ke kira Sashe na 1983. Lambar sashe ce a kundin dokokin tarayya, ba shekara ba. Dokar kanta an yi ta tun 1871, bayan yaƙin basasa, lokacin da 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan ke gallaza wa baƙaƙen fatar da aka 'yanta, jami'an jihohin kudu kuma suna kau da kai. Ta ba kowa damar kai ƙarar jami'in jiha ko na ƙaramar hukuma a kotun tarayya idan ya yi amfani da muƙaminsa ya tauye masa haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi.

Fursunoni sun daɗe ba su ci moriyar wannan doka ba. A wannan shekarar ta 1871, babbar kotun jihar Bajiniya ta kwatanta ɗaurarre da bawan jiha, kuma kusan shekara casa'in alƙalai suna ganin abin da ke gudana a bayan katangar kurkuku ba huruminsu ba ne. Ƙofar ta buɗe ne a 1964, kuma ta kan wani fursuna mai suna Thomas Cooper, ɗan ƙungiyar Nation of Islam da ke tsare a gidan yarin Stateville na jihar Ilinois. Ya yi ƙorafin an hana shi sayen littattafan addininsa, Kotun Ƙoli ta ce ƙararsa tana da hurumi, dole a saurare ta. A 1976 kuma, ƙarar da J. W. Gamble ya rubuta da hannunsa bayan dilar auduga ta faɗo masa yana aiki a gidan yarin Teksas ita ce ta sa Kotun Ƙoli ta kafa ƙa'idar cewa yin biris da tsananin rashin lafiyar fursuna da gangan azabtarwa ce da tsarin mulki ya haramta. Kwanan baya ma, a 2015, Gregory Holt, wanda ake kira Abdul Maalik Muhammad, ya yi nasarar samun izinin ajiye ɗan gajeren gemu a gidan yarin Akansas, a ƙarƙashin wata doka ta daban mai kare 'yancin addini, kuma takardar da ta kai shi Kotun Ƙoli rubutun hannu ce.

Abin lura game da waɗannan ƙararraki shi ne fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu shigar da su ba su da lauya. A Amurka gwamnati tana ba wanda ake tuhuma da babban laifi lauya idan ba shi da hali, amma wannan haƙƙi bai shafi ƙarar neman diyya ba. Alƙali na iya roƙon wani lauya ya taimaka kyauta, sai dai a 1989 Kotun Ƙoli ta ce dokar da ta shafi marasa hali ba ta ba shi ikon tilasta lauyan ba. Saboda haka fursuna shi ne mai ƙara, shi ne lauya, shi ne kuma akawun da zai riƙe ranakun wa'adi a kansa.

Daga ina alƙali ya sami wannan iko?

Ƙa'ida ta 41(b) cikin ƙa'idojin gudanar da ƙararrakin da ba na laifi ba a kotunan tarayya ta ce idan mai ƙara ya daina bibiyar ƙararsa, ko ya saɓa ƙa'idojin kotu, ko ya ƙi bin umurninta, wanda ake ƙara na iya neman a kore ta. A rubuce, wanda ake ƙara ne kawai aka ambata. Wanda ya tabbatar da cewa alƙali na iya yin korar bisa raɗin kansa, ba tare da kowa ya nema ba, shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 1962 tsakanin William Link da kamfanin jirgin ƙasa na Wabash.

Link ba fursuna ba ne. Motarsa ce ta yi karo da jirgin ƙasa, ya shigar da ƙarar neman diyya a 1954 a arewacin jihar Indiyana. Ƙarar ta yi ta jan ƙafa har shekara shida. Aka sa ranar 12 ga Oktoba 1960, ƙarfe ɗaya na rana, domin zaman share fage a garin Hammond. Da safiyar ranar lauyansa ya bugo waya daga Indianapolis, ya gaya wa sakatariyar alƙali cewa yana shirya wasu takardu na Kotun Ƙolin jihar, ba zai samu zuwa ba sai washegari. Alƙali ya jira awa biyu, ya duba tarihin fayil ɗin, ya kori ƙarar. Da magana ta kai Kotun Ƙoli, alƙalai huɗu suka goyi bayansa, uku suka ƙi. Mai Shari'a John Harlan, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya ce ikon share ƙararrakin da suka yi kwantai tsohon iko ne da kotuna suka gada, kuma tunda Link ne ya zaɓi lauyansa, abin da lauyan ya yi ya hau kansa. Mai Shari'a Hugo Black ya ce an ɗora wa mai ƙara laifin da ba nasa ba.

Mutumin da aka kafa ƙa'idar a kansa yana da lauya, yana da 'yancin zuwa inda ya ga dama. A yau sunansa yana yawan fitowa a ƙasan hukuncin da ya shafi mutanen da ba su da ko ɗaya daga cikin biyun.

Yadda ƙara ke mutuwa a hankali

A ɗauki misalin mutumin da ke tsare a kurkukun ƙaramar hukuma yana jiran shari'a. Wani gandiroba ya karya masa hannu, ya cika fom ɗin ƙara, ya aika kotun tarayya. Tun kafin a duba abin da ya rubuta, akwai batun kuɗi. Idan ba zai iya biyan kuɗin shigar da ƙara ba, sai ya haɗa da takardar neman rangwame, tare da bayanin asusunsa na gidan yari na wata shida, wanda jami'in gidan yarin zai sa wa hannu. Shi ba ya iya buga wannan takarda da kansa, sai ya rubuta ya roƙa. Idan ofishin asusu ya yi jinkiri, kotu za ta aiko masa da sanarwar cewa takardunsa ba su cika ba, ta ba shi wa'adi, galibi kwana talatin. Ƙararraki da dama a nan suke tsayawa.

Idan ya tsallake wannan, alƙali zai tace ƙarar kafin a kai wa kowa sammaci. Sau da yawa sakamakon tacewar shi ne a ce bayaninsa bai isa ba: bai faɗi wane ne ya yi me ba, ko ya kai ƙarar shugaban gidan yari alhali ba shi ya taɓa shi ba. Sai a ba shi damar gyarawa cikin wani wa'adin. A tsakanin nan aka yanke masa hukunci a shari'ar laifinsa, aka ɗauke shi da asuba zuwa gidan yarin jiha mai nisan ɗaruruwan kilomita. Kayansa, har da takardun shari'a, suna cikin kwali a wani sito, za su biyo shi daga baya. Umurnin kotu ya isa tsohon kurkukun, ma'aikacin ɗakin wasiƙu ya duba ya ga babu sunan a jerin mazauna, ya ja layi a kan ambulan, ya mayar.

Daga wannan rana agogo ya fara aiki. Kusan kowace kotun lardi, wato kotun tarayya ta matakin farko, tana da tata ƙa'idar cewa wajibi ne mai ƙara mara lauya ya sanar da ita duk lokacin da adireshinsa ya canza. A lardin arewacin Kalifoniya, alal misali, idan wasiƙa ta dawo kuma aka yi kwana 60 ba a sami sabon adireshi ba, kotu na iya korar ƙarar. Wasu lardunan wa'adinsu bai kai haka ba. Yawanci alƙali zai fitar da wani umurni cewa mai ƙara ya zo da dalilin da zai hana a kore ta, a aika shi adireshin nan dai da ba ya nan. Sai alƙalin majistare ya rubuta shawarar a kora, a ba da kwana 14 na ƙalubalanta, sannan babban alƙalin lardi ya sa hannu. Gargaɗi uku ke nan ko huɗu, kowanne an rubuta shi bisa ƙa'ida, kuma mai yiwuwa ne babu wanda ya shiga hannun mai shi.

Ba canjin adireshi kaɗai ke jawo wannan ba. Akwai matsalar sammaci: jami'an tarayya ne ke kai shi a madadin mara hali, amma shi ne zai ba da suna da inda za a sami wanda yake ƙara, kuma wa'adin kwana 90 ne. Fursunan da bai san gandiroba ba sai da laƙabi, ko wanda gandirobansa ya bar aiki, yana iya maƙalewa a nan. Akwai wanda lauyoyin jiha za su turo masa tarin takardu suna neman a yanke hukunci ba tare da zaman shari'a ba, ya rasa ta inda zai fara amsawa. Akwai wanda aka sake shi daga gidan yari, aka sa masa ranar amsa tambayoyi bisa rantsuwa, bai je ba.

Kuma akwai waɗanda da gaske sun haƙura. Wanda ya fito yana neman wurin kwana da aikin yi, ƙarar da za ta ɗauki shekara uku ba ita ce a gabansa ba. Wani abin da yake nema shi ne a raba shi da wani gandiroba, da aka sauya masa gida buƙata ta biya. Wani tun farko ƙarar ba ta da ƙwari, shi ma ya sani. Takardar hukuncin ba ta bambanta waɗannan da mutumin da wasiƙarsa ta ɓata a hanya, domin daga kujerar alƙali duk shirun iri ɗaya ne.

Dokar 1996 da abin da ta canza

Matakan kuɗi da na tacewa da aka ambata sun samo asali ne daga dokar gyaran ƙararrakin fursunoni da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a Afrilun 1996. A 1995 fursunoni sun shigar da ƙararrakin tauye haƙƙi kusan 39,000 a kotunan tarayya, sanatoci irin su Bob Dole da Orrin Hatch suka ce kotuna sun cika da shirme. Misalin da ya fi yawo a lokacin shi ne na fursunan da wai ya kai ƙara saboda an ba shi niƙaƙƙiyar gyaɗa mai laushi alhali mai tsaki-tsaki ya nema. Alƙali Jon Newman na kotun ɗaukaka ƙara ya bi diddigin fayil ɗin, ya gano cewa mutumin ya mayar da kwalbar ne aka yi masa alkawarin maido masa da dala biyu da rabi, aka sauya masa gida ba a maido ba. Ƙaramin kuɗi ne, amma ƙarar ta kuɗi ce, ba ta ɗanɗano ba.

Dokar ta ce ko fursuna ba shi da hali sai ya biya cikakken kuɗin shigar da ƙara, wanda yanzu dala 350 ne, sai dai kaɗan-kaɗan: a cire kashi 20 cikin ɗari na abin da ya shiga asusunsa a watan da ya gabata, duk lokacin da asusun ya haura dala goma. Mai aikin share-share a gidan yari ladansa 'yan senti ne a awa, a jihohi irin su Teksas da Jojiya da Akansas kuwa yawancin ayyukan ba a biyan komai. Dokar ta kuma ce sai mutum ya bi duk matakan ƙorafi na cikin gidan yari kafin ya zo kotu, ta taƙaita diyyar ɓacin rai idan babu rauni a jiki, ta rage abin da lauya zai samu ko ya yi nasara. Wannan na ƙarshen shi ya ƙara nisanta lauyoyi da irin waɗannan ƙararraki. Binciken Margo Schlanger, farfesar shari'a a Jami'ar Michigan, ya nuna cewa idan aka auna da yawan fursunoni, ƙararrakin sun ragu da fiye da rabi bayan dokar.

Dokar ba ta ce komai ba game da rashin bibiyar ƙara. Abin da ta yi shi ne ƙara yawan takardu da wa'adodin da ke farkon hanya, kowane wa'adi kuma wata dama ce ta tuntuɓe.

Ma'aunin da alƙalai ke amfani da shi

Ba a bar wa alƙali ya yi yadda ya ga dama ba. Kotunan ɗaukaka ƙara sun gindaya abubuwan da zai auna, kuma suna maimaita cewa kora hukunci ne mai tsanani. Kotun ɗaukaka ƙara ta yanki na tara, mai mazauni a San Francisco, tana duba abu biyar: buƙatar jama'a a gama shari'a da wuri, buƙatar kotu ta sarrafa jerin ƙararrakinta, cutarwar da jinkiri zai yi wa wanda ake ƙara, fifikon da doka ta ba yanke hukunci bisa gaskiyar magana, da ko akwai wani horo mai sauƙi da zai wadatar. Kotun yanki na uku a Filadelfiya, tun wani hukunci na 1984, tana duba shida, ciki har da ko laifin na mai ƙarar ne da kansa, ko da gangan ya yi, da kuma ko ƙarar tana da alamar nasara.

A takarda ma'aunin yana da kyau. A aikace, idan mai ƙara fursuna ne mara lauya, yawancin abubuwan sun riga sun karkata. Ba shi da lauyan da za a ɗora wa laifi, don haka laifin nasa ne. Horo mai sauƙi galibi tara ce, tara kuma ba ta da amfani a kan wanda asusunsa babu komai. Gargaɗin cewa za a kori ƙara ana ƙirga shi a matsayin an gwada hanya mai sauƙi. A 1988, a shari'ar wani mai ƙara da ake kira Carey, kotun yanki na tara ta ce nauyin sanar da adireshi yana kan mai ƙara, ba a kan kotu ba, ta ƙara da cewa aika wani sabon gargaɗi ga wanda ba a san inda yake ba yawo kawai takardar za ta sha a gidan waya ta dawo.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu goyon bayan tsarin suna farawa da yawan aiki. Lardin gabashin Kalifoniya yana da kujerun manyan alƙalai shida kacal ga mutum kimanin miliyan takwas, kuma da yawa daga manyan gidajen yarin jihar a cikinsa suke. Fayil ɗin da mai shi ya ɓace yana cin lokacin da za a ba wani fursunan da ke bibiyar tasa ƙarar. Suna kuma tunatarwa cewa wanda ake ƙara shi ma mutum ne mai haƙƙi: gandiroba ko ma'aikaciyar jinya ba za su zauna shekara da shekaru da zargi a kansu ba, shaidu suna watsewa, ana mantuwa. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce sanar da sabon adireshi bai wuce takarda ɗaya da kan sarki ba, kuma mai ƙara ne kaɗai ya san yana da ƙara a wace kotu. Sassaucin da Kotun Ƙoli ta ce a yi wa rubutun marasa lauya, tun 1972, ya shafi yadda ake karanta kalamansu ne, bai ɗauke musu bin wa'adi ba.

Masu suka kuwa suna cewa fursuna ba kamar sauran masu ƙara ba ne, domin wanda yake ƙara shi ne ke riƙe da ƙofarsa da wasiƙunsa da alƙalaminsa. Hukumar da ta sauya masa gida ta san inda ta kai shi, lauyoyin jihar da ke kare gandirobobin na iya gano wurin cikin minti kaɗan, kuma galibin jihohi suna da shafin intanet da kowa zai iya duba inda fursuna yake. Idan aka rufe gidan yari baki ɗaya saboda rikici, ko aka jefa mutum ɗakin kaɗaici, ba ya zuwa laburare, wani lokaci ko takarda ba ya samu. Ga masu taɓin hankali da waɗanda karatunsu bai yi nisa ba, waɗanda suna da yawa a gidajen yari.

Kotun Ƙoli kanta ta taɓa amincewa da wani ɓangare na wannan hujja. A 1988, Prentiss Houston, fursuna a Tenesi, ya miƙa wa jami'an gidan yari takardar ɗaukaka ƙararsa kwana 27 bayan hukunci, amma ba a buga mata hatimi a kotu ba sai a rana ta 31, wato ta makara da kwana ɗaya. Kotun ta ce tunda ba shi da ikon zuwa da ƙafarsa, ranar da ya miƙa wa jami'an ita ce ranar shigarwa. Sai dai wannan sassauci ya shafi wasiƙar da ke fita ne kawai. Wadda ke shigowa, da zarar kotu ta aika ta adireshin ƙarshe da ta sani, doka ta ɗauka an isar. A 1996 kuma Kotun ta ce fursunan da ke ƙorafin an toshe masa hanyar kotu sai ya nuna ainihin ƙarar da ya yi asara saboda hakan.

Tsakanin ɓangarorin biyu akwai abin da wasu kotuna ke yi a aikace. Wasu alƙalai kan sa ma'aikatansu su duba shafin hukumar gidan yari su sake aikawa sau ɗaya, ko da yake doka ba ta tilasta musu ba. A wasu lardunan an yi yarjejeniya da gidajen yari ana aika takardu ta kwamfuta daga laburaren gidan. Saboda haka makomar ƙara ɗaya na iya bambanta daga lardi zuwa lardi, har daga alƙali zuwa alƙali.

An rufe ƙofa ko an bar ta a buɗe?

Kora iri biyu ce, kuma kalmomi biyu ko uku a ƙarshen hukunci su ke bambanta su. Akwai wadda ke hana sake shigar da ƙarar har abada, akwai wadda ke barin mai ƙara ya sake farawa. Mai karatu daga Najeriya ya san makamancin wannan, tsakanin cire ƙara daga jerin kotu, inda mai ita ke iya neman a maido, da korar ta gaba ɗaya. A ƙarƙashin ƙa'ida ta 41(b), idan alƙali bai fayyace ba, ana ɗaukar korar a matsayin mai rufe ƙofa. Amma a batun ɓatan adireshi alƙalai da yawa kan rubuta ƙarara cewa sun bar ta a buɗe.

Buɗewar tana iya zama ta suna kawai, saboda wa'adin shigar da ƙara. Sashe na 1983 ba shi da nasa wa'adin, yana aron na jihar da abin ya faru: shekara ɗaya a Kentaki da Tenesi, biyu a Teksas da Kalifoniya, uku a Niyok. Ƙarar da aka kora bayan shekara biyu tana kotu, mai yiwuwa wa'adinta ya riga ya cika. Wasu jihohi suna da dokar ƙarin lokaci, sai dai ta Niyok, mai ba da wata shida, ta cire wanda aka kora don sakaci. Kotun yanki na biyar a New Orleans ta lura da wannan, shi ya sa idan wa'adi ya ƙare takan auna korar da ma'auni mai tsauri na wadda ta rufe ƙofa.

Kuɗin ma ba ya dawowa. Za a ci gaba da cire kashi 20 ɗin har dala 350 ta cika, ko da ƙarar ta mutu a watan farko. Idan ya sake shigarwa, sabon bashi ne, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2016 ana cire na kowace ƙara a lokaci guda.

Sai batun tabo uku. Dokar 1996 ta ce fursunan da aka kori ƙararrakinsa uku saboda shirme ne, ko ƙeta, ko ba su bayyana wani haƙƙi da aka tauye ba, ya rasa damar biya kaɗan-kaɗan, sai dai idan rayuwarsa ko lafiyarsa na cikin haɗari na kusa. Rashin bibiyar ƙara ba ya cikin waɗannan dalilai uku, don haka shi kaɗai ba a cika ƙirga shi tabo ba. Amma a 2017 kotun yanki na tara ta ce idan an tace ƙara an ga bayaninta bai isa ba, aka ba da damar gyara, mai ita ya yi shiru, to wannan korar tabo ce. Mutumin misalin nan da aka ɗauke da asuba ya faɗa cikin wannan rukuni ba tare da ya ga umurnin ba.

Hanyar gyara tana nan, amma ita ma wa'adi ce. Yana da kwana 28 ya nemi alƙali ya sake duba hukuncinsa, kwana 30 ya ɗaukaka ƙara, ko kuma ya nemi a jingine hukuncin bisa uzuri karɓaɓɓe cikin lokacin da bai wuce shekara ɗaya ba. Ɗaukaka ƙara kuɗinta dala 605 ne, kuma kotun sama ba ta rushe hukuncin sai ta ga alƙali ya wuce gona da iri. Abin da ya fi yin tasiri a gaban alƙalin farko shi ne hujja a rubuce: takardar da ke nuna ranar da aka sauya masa gida, rajistar ɗakin wasiƙu, ko kwafin sanarwar adireshin da ya ce ya aika.

Iyalai, waɗanda aka saki, da baƙi

Ga iyalin da ke waje, abin da za su iya yi yana da iyaka. A Najeriya, ƙa'idojin kare haƙƙin ɗan Adam na 2009 sun yarda wani ya shigar da ƙara a madadin wanda ke tsare. A kotun tarayyar Amurka wanda ba lauya ba ba ya wakiltar wani, ko matarsa ce ko mahaifinsa, kuma kowace takarda sai mai ƙarar ya sa mata hannu da kansa. Abin da ke hannunsu shi ne sa ido. Fayil ɗin ƙara a buɗe yake ga kowa a shafin intanet na kotunan tarayya mai suna PACER, senti goma kowane shafi, ana kuma iya kiran ofishin magatakarda da lambar ƙara a tambayi inda aka kwana. Ɗan'uwan da ya ga an rubuta cewa wasiƙa ta dawo yana iya sanar da fursunan tun wa'adi bai cika ba.

Waɗanda abin ya fi rutsawa da su su ne mazauna kurkukun ƙananan hukumomi, inda matsakaicin zama bai wuce kimanin wata guda ba, alhali ƙara na ɗaukar shekaru. Wanda aka saki, sakin bai kashe ƙararsa ta neman diyya ba, amma kotuna da yawa za su nemi ya cika sabuwar takardar rangwame ko ya biya, kuma za su aika umurnin ne gidan yarin da ya bari idan bai ba da wani adireshi ba.

Baƙin da hukumar shige da fice ke tsare da su, ciki har da 'yan Afirka ta Yamma, matsayinsu ya ɗan bambanta. Kotunan ɗaukaka ƙara sun ce wanda ke tsare don batun takardun zama kawai ba fursuna ba ne a ma'anar dokar 1996, don haka biyan kaɗan-kaɗan da tabo uku ba su hau kansa ba. Ƙa'idar adireshi kuwa ta hau, kuma su ne ake yawan sauya wa wuri daga jiha zuwa jiha. Wanda aka tasa ƙeyarsa zuwa Legas ko Yamai, ƙararsa ta neman diyya ba ta mutuwa don an fitar da shi, amma kotu za ta ci gaba da aika takardu cibiyar da aka tsare shi har sai ya rubuto mata sabon adireshi, da lambar ƙarar a saman takardar.